Firifet Ko Mai Sasantawa: Wane Irin Shugabanci Muke Koya Wa 'Ya'yanmu A Makaranta?

A shekarata ta farko a makarantar sakandaren kwana, cikin shekarun 1990, an yi wani faɗa a bakin famfo wanda har yau bai fita daga raina ba. Yara biyu 'yan aji ɗaya ne suka saɓa a kan layin ɗibar ruwa. Ɗaya ya ce tun kafin asuba ya ajiye bokitinsa, ɗayan kuma ya ce bokitin da mai shi ba ya tsaye a kansa ba ya riƙe layi. Magana ta jawo magana, sai ɗaya ya goranta wa ɗayan sana'ar mahaifinsa, nan take aka kaure da dambe. Firifet ɗin da ke kula da famfo ya iso, bai tambayi kowa mafarin abin ba, ya tsula wa kowannensu bulala shida, ya sa su tsallen kwaɗo har aka kaɗa ƙararrawar karin kumallo. A wurinsa magana ta mutu ke nan. Amma gabar da yaran suka ƙulla a ranar ta bi su shekara shida, ta jawo 'yan garinsu ciki, har a shekararmu ta ƙarshe ta rikiɗe ta zama faɗan gungu da gungu. Aka fasa wa wani yaro kai, aka kori ɗalibai huɗu ana saura 'yan makonni a fara jarrabawar fita. Biyu daga cikin waɗanda aka kora ba su ma san a kan bokiti rigimar ta samo asali ba.

Ban kawo wannan labari don in ga laifin firifet ɗin ba. Yaro ne da bai wuce shekara goma sha bakwai ba, kuma abin da ya gani ana yi shi ya yi. Abin da nake son mai karatu ya lura da shi shi ne, makarantunmu suna damƙa wa yaro bulala da ikon yanke hukunci a kan 'yan'uwansa, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da shi, ko da na sa'a guda, ya nuna masa yadda ake sauraron mutum biyu masu jayayya har a gano bakin zaren. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da ma'aikatun iliminmu za su kafa tsarin da ɗalibai za su riƙa sasanta 'yan'uwansu, bisa horo da sa idon malamai. Haka kuma ina ganin tsarin ba zai kai mu gaci ba muddin aka kwaso shi daga littattafan Turawa ba tare da an sake gina shi a kan harshe da ɗabi'un yaran da za su yi amfani da shi ba.

Da farko bari mu dubi girman matsalar. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014, da tallafin UNICEF, ya gano cewa yara shida cikin goma a Nijeriya suna fuskantar wani nau'i na cin zarafi kafin su cika shekara 18. Rahoton da UNESCO ta fitar a 2019 kuwa ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha zalunci daga 'yan'uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci binciken, kuma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin ya kusa rabi. A shekarar ce ma ƙasashen da ke cikin hukumar suka ware Alhamis ta farko ta kowane watan Nuwamba domin yaƙi da cin zali a makarantu. A nan gida, mun ga yadda hankalin jama'a ya tashi a ƙarshen 2021 kan mutuwar wani ɗalibin makarantar kwana a Legas, da kuma a 2024 lokacin da faifan bidiyon wata ɗaliba da ake mari a wata makarantar kuɗi a Abuja ya karaɗe wayoyin mutane. A kowane karo sai a yi ta kumfar baki na mako biyu, a kafa kwamiti, daga nan kowa ya kama gabansa.

Mu 'yan Arewa muna da ƙarin dalilin damuwa, domin tarihi ya nuna mana cewa wutar da ta tashi a harabar makaranta ba lallai ne ta tsaya a can ba. Rikicin watan Maris na 1987 a Kwalejin Ilimi ta Kafancan ya fara, tsakanin ɗalibai, a kan kalaman da aka furta a wurin wani taro, amma cikin 'yan kwanaki ya isa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka yi asarar rayuka da wuraren ibada. Ba na da'awar cewa wasu ɗalibai biyu masu sasantawa za su iya kashe irin wannan gobara idan ta riga ta kama. Abin da nake cewa shi ne, makarantar da ɗalibanta ba su saba zama su warware ƙaramin saɓani da baki ba, ranar da babba ya zo ba su da wata hanya da suka sani sai ta sanda da dutse.

Shi kansa tsarin firifet da muke tinƙaho da shi aro ne. Thomas Arnold, wanda ya shugabanci makarantar Rugby ta Ingila daga 1828 zuwa 1842, shi ya shahara da ɗora wa manyan ɗalibai nauyin tsawata wa ƙanana, daga nan sauran makarantun 'ya'yan masu hali na ƙasar suka kwaikwaya. Turawan mulkin mallaka suka zo mana da shi a makarantun kwanan da suka kafa, irin su Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda daga baya ta zama Kwalejin Barewa ta Zariya. Tsarin ya dace da tunaninsu na mulki ta hannun wakilai: malamai kaɗan a sama, manyan ɗalibai a tsakiya riƙe da sanda, ƙanana a ƙasa suna biyayya. Ba a musun cewa ya yaye mutane masu horo waɗanda suka riƙe Arewa a jamhuriya ta farko. Sai dai su masu abin sun daɗe da gyara shi. Dokar 1986 ta haramta dukan ɗalibai a makarantun gwamnatin Birtaniya, ta 1998 kuma ta faɗaɗa haramcin zuwa makarantu masu zaman kansu na Ingila. Mu kuwa har yau a makarantu da dama siniya ne ke aiken ƙaramin yaro wanki da ɗibar ruwa, ya ƙwace masa garin kwaki da sukari, shi kuma yaron ya haɗiye yana lissafin shekarar da zai rama a kan na bayansa. Darasin shugabancin da yake ɗauka ke nan: idan kana ƙasa ka jure, idan ka hau ka danne. Mai karatu ya duba ofisoshinmu da shingayen hanyoyinmu ya gani ko bai ga ɗaliban wannan darasi ba.

To, mene ne wannan tsari na sasantawa tsakanin ɗalibai, kuma daga ina ya fito? A Amurka ya fara kafuwa. A 1972 mabiya ɗariƙar Kwaka ta Kiristoci suka fara wani shiri a birnin Niyok na koya wa yaran firamare warware saɓani ba da duka ba. A farkon shekarun 1980 wata ƙungiyar sasanta maƙwabta ta birnin San Faransisko, wadda lauya Raymond Shonholtz ya kafa a 1976, ta shigar da aikinta cikin makarantu, inda aka horar da yara suna zagaya filin wasa bibbiyu a lokacin tara, idan faɗa ya tashi su shiga tsakani. A 1985 hukumar makarantun Niyok ta soma nata shirin ƙarƙashin jagorancin Linda Lantieri da Tom Roderick. A Jami'ar Minesota kuma, 'yan'uwan nan biyu, David da Roger Johnson, sun shafe shekaru suna gwada wani salo wanda ake horar da dukan 'yan aji, a riƙa karɓa-karɓar aikin sasantawa, maimakon a keɓe wasu tsiraru. Daga Amurka abin ya bazu zuwa ƙasashe irin su Kanada da Birtaniya da Niyuzilan.

Yadda ake gudanar da shi ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Yaran da suka saɓa su za su amince da kansu a zauna, ba a tilasta musu. Masu sasantawa biyu za su zauna da su a keɓe, a fara da shimfiɗa ƙa'idoji: ba katse wa juna magana, ba zagi, kuma abin da aka faɗa a wurin ba ya fita. Kowa zai ba da labarinsa, mai sasantawa ya maimaita abin da ya ji domin mai maganar ya tabbatar an fahimce shi. Sannan a tambayi kowannensu abin da yake so a yi, su da kansu su kawo mafita, a rubuta abin da suka amince da shi, su sa hannu, bayan mako guda a sake waiwayarsu. Babban abin da ya raba mai sasantawa da firifet shi ne ba shi da ikon hukunta kowa, kuma ba aikinsa ne ya bayyana mai gaskiya ba. Duk maganar da ta shafi makami ko rauni ko lalata ko ƙwaya kuwa, kai tsaye wurin malamai ake miƙa ta.

Shin yana aiki? Wani nazari da Nancy Burrell da abokan aikinta suka wallafa a 2003, wanda ya tattara sakamakon bincike 43, ya gano cewa kimanin kashi 93 cikin ɗari na zaman sasantawar da ɗalibai suka jagoranta sun ƙare da yarjejeniya. Wannan adadi ne mai ƙarfafa gwiwa. Amma adalci ya wajabta mini in kawo ɗaya ɓangaren. A 2011 Maria Ttofi da David Farrington na Jami'ar Kambirij sun tace shirye-shiryen yaƙi da cin zali a makarantu, suka gano cewa a dunƙule suna rage shi da kusan kashi 20 cikin ɗari, amma shirye-shiryen da suka jingina ga sa ɗalibai su shiga tsakani sun zo da ƙaruwar waɗanda ake zalunta. Wannan sakamako ya yi daidai da matsayin Dan Olweus, masanin da ƙasar Nowe ta dogara da aikinsa lokacin da ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da cin zali a 1983, bayan wasu yara maza uku sun kashe kansu. Hujjarsa ita ce, saɓani daban, zalunci daban. Saɓani tsakanin tsara biyu yake faruwa, kowa na iya kare kansa, kuma sau da yawa kowa yana da nasa kason laifin. Zalunci kuwa mai ƙarfi ne ke maimaita cutar da marar ƙarfi. Idan aka zaunar da waɗannan biyun aka ce kowa ya sassauto a haɗu a tsakiya, an gaya wa wanda aka cuta cewa shi ma yana da laifi, an kuma mayar da shi hannun wanda yake tsoro.

Saboda haka duk wanda zai kawo mana wannan tsari dole ya shata masa iyaka tun ran gini. Faɗan bokiti da na wurin zama da aron littafin da ba a mayar ba da tsegumi da gori tsakanin 'yan aji ɗaya, waɗannan su ne hurumin ɗalibai masu sasantawa, kuma su ne mafi yawan abin da ke faruwa kullum. Siniyan da ya mayar da ƙaramin yaro bawansa kuwa aikin hukumar makaranta ne. A wannan fanni akwai darasi a shirin KiVa na ƙasar Finlan, wanda Christina Salmivalli da abokan aikinta na Jami'ar Turku suka tsara, aka fara bazawa a makarantun ƙasar a 2009. Su sun mai da hankali ne a kan 'yan kallo, wato sauran yaran da ke dariya ko kau da kai lokacin da ake cin zalin wani, domin sun lura cewa azzalumin yaro da tafin 'yan kallo yake rayuwa. Malamai ne ke tunkarar mai zaluncin, ɗalibai kuma a koya musu janye masa goyon baya. Bahaushe ya riga ya faɗa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Wani zai ce wannan duk baƙon abu ne. Ni kuwa ina ganin abin da ya fi zama baƙo a wurinmu shi ne yaro riƙe da bulala da sunan hukuma. Al'ummar Hausawa ta daɗe da sanin shugabancin tsara. Samarin gari suna da sarkin samarinsu, wanda ke shirya gayya da wasanni, yana kuma kashe rigimar da ta tashi a dandali kafin ta kai gaban mai unguwa. A Jamhuriyar Nijar gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a 1974, ta farfaɗo da wannan tsari da sunan Samariya. Muna da wasan barkwanci tsakanin taubasai da tsakanin al'ummu, irin na Kanawa da Zazzagawa, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa, wanda ke ba mutum damar faɗin magana mai ɗaci ba tare da an zare wuƙa ba. A 2014 UNESCO ta sanya irin wannan wasa na Nijar cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam. A zamaninmu ma mun ga Zauren Sulhu a Kano lokacin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, mun kuma ga Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a Kaduna, waɗanda a da suke jagorantar matasa masu gaba da juna, ɗaya ya rasa hannu, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin 1992, amma daga 1995 suka haɗa kai suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai. Rayuwarsu shaida ce cewa sasantawa abu ne da ake koya, ko da mutum ya fara da akasinsa.

Yanzu bari in zo fagen da na fi sani, wato harshe, domin sasantawa daga farkonta har ƙarshenta aikin baki ne. Littattafan horon da ake kawowa daga waje sun ginu ne a kan ladubban zancen Ba'amurke. Alal misali, suna umartar yaran su kalli juna ido cikin ido a matsayin alamar gaskiya, alhali a wurinmu yaron da ya kafe na gaba da shi da ido tsaurin ido ya yi, kuma sunkuyar da kai ladabi ne. Malamin da aka horar da irin wannan littafi zai iya ɗaukar yaro mai kunya a matsayin maƙaryaci. Haka kuma suna koyar da salon da masanin halayyar ɗan Adam Thomas Gordon ya yaɗa, inda mai ƙorafi zai fara da ambaton kansa da abin da yake ji a zuciyarsa dalla-dalla. Yaron da aka rena da kara da kawaici, aka koya masa cewa namiji ba ya bayyana rauninsa a gaban tsara, ba zai buɗe baki ya yi wannan ba, ko da an fassara masa jimlar zuwa Hausa. Yana da nasa hanyoyin: zai ce abin bai yi masa daɗi ba, ko ya ce an ci masa fuska, ko an zubar masa da mutunci a gaban mutane. Waɗannan kalmomi ne mai sasantawa zai koyi kamawa, domin galibi a nan ciwon yake, ba a kan bokitin ba.

Akwai kuma matsalar kalmar da muka fi yawan amfani da ita wajen kashe rigima, wato “yi haƙuri”. Masanin falsafar harshe J. L. Austin ya nuna a littafinsa na 1962 cewa akwai maganganun da furta su aiki ne a karan kansa, kamar alkawari da rantsuwa da neman gafara. Idan muka auna “yi haƙuri” da wannan ma'auni za mu ga ayyuka uku take yi. Mai laifi yana faɗinta a matsayin neman afuwa, mai jaje yana faɗinta ga wanda aka yi wa rashi, mai raba faɗa kuma yana faɗinta ga wanda aka cuta, ma'ana ya haɗiye ya yi shiru. A cikin ukun nan ba inda mai magana ya amsa cewa ya yi wani abu, kuma a kowane hali nauyin aikin a kan wanda aka ɓata wa yake sauka, domin shi ake umarta da haƙurin. Wannan ne ya sa sau da yawa ake tashi daga zaman sulhu an yi musabaha amma zuciya ba ta sauka ba. Harshenmu kuwa bai rasa kalmomin da suka fi wannan nauyi ba. Akwai “na yi kuskure”, akwai “ban kyauta maka ba”, akwai “ka yafe mini”. Yaron da ya koyi bambancin waɗannan da “yi haƙuri” tun yana aji biyu ya samu abin da manya da yawa a cikinmu ba su samu ba.

A ɗaya ɓangaren, Hausa tana da kayan aikin da mai sasantawa zai ji daɗinsu. Ɗauki wakilin sunan nan da ba ya nuna kowa, wato “an” da “aka”. Idan yaro ya shigo yana huci ya ce, “Ɓarawo ne, shi ya sace mini biro,” mai sasantawa yana iya mayar masa da cewa, “Wato an ɗauki bironka ba da saninka ba, kuma a hannunsa ka gan shi.” Bai ƙaryata mai ƙara ba, bai kuma tabbatar wa ɗayan sunan ɓarawo ba, ya cire ƙayar ya bar maganar. Amma dole a koya masa cewa wannan dabara ta buɗe zance ce kawai. Idan aka zo ƙarshe, “an yi ba daidai ba” ba ta wadatar, sai wanda ya yi ya ce “na yi”. Haka nan dole ya iya rarrabe ba'a da gatse da habaici da gori, ya san lokacin da wasan taubasai ya tsallake iyaka ya koma cin mutuncin asali ko sana'ar gado ko karin harshen wani. Ba wani littafi da aka rubuta a Minesota da zai koya masa wannan.

Sai batun da wane harshe za a yi zaman. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a firamare, a 2025 kuma aka soke ta aka koma Ingilishi. Wannan muhawara ce ta wata rana. Amma ko da wane harshe ake koyar da lissafi, bai kamata a tilasta wa yaron da ransa ya ɓaci ya bayyana damuwarsa da harshen da yake tuntuɓe a cikinsa ba. Idan aka yi haka, wanda ya fi iya Turanci shi zai yi rinjaye ko da shi ne marar gaskiya. Abin takaici, a makarantu da yawa aikin firifet ya haɗa da rubuta sunayen masu magana da harshen gida domin a ci su tara. Ɗakin sasantawa ya zama wurin da wannan doka ba ta shiga. Kuma kada mu Hausawa mu yi wa wasu abin da muke kuka da shi: a makarantun Kaduna da Jos da Yola da Maiduguri, yaron da ya fi sakewa da Fulatanci ko Barbarci ko Katafanci ko Turancin Buroka a bar shi ya yi magana da shi, a kuma tabbatar masu sasantawa sun fito daga kowane ɓangare na addini da ƙabila.

Na san akwai masu ja. Wasu malamai za su ce wannan zubar da kwarjinin makaranta ne, yara za su raina hukuma. Amsata ita ce, hukunci yana nan daram a hannun malamai, abin da ake cirewa shi ne bulala daga hannun yaro. Wasu za su ce malamin da ke fama da ɗalibai fiye da ɗari a aji ɗaya ina ya ga lokacin wani sabon shiri? Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma idan aka juya ta goyon baya take yi, domin malamin da ba zai iya sauraron ƙarar kowane yaro ba shi ya fi kowa buƙatar mataimaka. Sai dai kada a yaudari kai, tsarin ba ya tafiya ba tare da malami aƙalla ɗaya da aka rage wa darussa domin ya kula da shi ba. Hatsarin da na fi tsoro shi ne shugabannin makarantu su mayar da shi hanyar rufa-rufa, a tura maganar da ta cancanci likita ko 'yan sanda wurin yara domin kada sunan makaranta ya ɓaci. Maganin wannan shi ne rajista: a rubuta kowace ƙara da yadda ta ƙare, jami'an duba makarantu da kwamitin iyaye su riƙa ganinta.

Shawarwarina guda biyar ne. Na farko, kowace ma'aikatar ilimi ta jiha ta zaɓi makarantu kaɗan, na kwana da na jeka-ka-dawo, na maza da na mata, ta gwada tsarin na shekara biyu, tana ƙidaya faɗa da dakatarwa da kora kafin a fara da bayan an fara, domin mu samu alƙalumanmu na kanmu. Na biyu, a koyar da dabarun ga dukan ɗalibai a cikin darasin ilimin zama ɗan ƙasa, wanda da ma yana cikin manhaja, domin ya tashi daga haddar ma'anoni ya koma abin da ake yi a aikace. Na uku, ɗalibai su zaɓi masu sasantawa da kansu, kuma kada a taƙaita ga masu ɗaukar na ɗaya ko 'yan lelen malamai, domin sau da yawa yaron da ake kira fitinanne shi ne wanda 'yan'uwansa ke jin maganarsa. Na huɗu, a haramta wa firifet duka da gwale-gwale a rubuce, daidai da manufar ƙasa ta 2021 kan tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu, kuma kada a naɗa kowa firifet sai ya samu wannan horo. Na biyar, sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu, a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, su haɗa gwiwa da kwalejojin ilimi da Cibiyar Zaman Lafiya da Warware Rikici ta Abuja, wadda aka kafa a 2000, su rubuta littafin horo da harsunanmu, daga irin maganganun da yaranmu ke yi da gaske a bakin famfo da ɗakin kwana. A nan ina nuna kaina da abokan aikina da yatsa, domin mun cika ɗakunan karatu da kundaye a kan karin magana da habaici, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa isa hannun malamin sakandare.

Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa halaye irin su gaskiya da amana da haƙuri da hankali da kunya da mutunci da adalci. Kowane shugaban makaranta yana ambaton waɗannan a taron safe, amma yaro ba ya koyon adalci daga jawabi, sai an ba shi wurin da zai gwada yin sa, ya yi kuskure, a gyara masa. Shekarun baya na haɗu da ɗaya daga cikin yaran nan biyu na bakin famfo a wurin wani ɗaurin aure, yanzu magidanci ne da furfura a gemu. Na tuna masa da maganar, sai ya yi shiru, sannan ya ce shi bulalar ba ta dame shi ba, abin da ya riƙe shekara shida shi ne an ambaci mahaifinsa a gaban mutane kuma ba wanda ya tambaye shi dalilin da ya sa ya kai duka. Tambayar da ya jira ba ta fi ƙarfin ɗan shekara goma sha bakwai ba, da an koya masa yin ta. Ina roƙon kwamishinonin ilimi da shugabannin makarantu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda ke tara kuɗi kowace shekara domin fentin gine-gine, su ware wani abu domin wannan aiki tun daga zangon karatu mai zuwa. Allah Ya shirya mana zuriya.